RA'AYI: Daga Gomari zuwa Dagona, wuraren da muke mantawa da su tun ba su ɓace ba

Duk ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da aiki ya taɓa kai shi Maiduguri ya san Gomari, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce unguwar da ke maƙwabtaka da filin jirgin sama, wadda rufin kwanonta ke fara bayyana ta taga idan jirgi ya sunkuyo zai sauka. Daga nan sai mota mai baƙin gilashi, sai otal, sai zauren taro mai sanyi, a yi jawabin buɗewa a yi na rufewa, a sa hannu a takardar alawus, washegari a koma filin jirgi. Mutum ya dawo Abuja ya ce ya je Borno. In ka tambaye shi me ya gani, sai ya lissafa maka shingayen sojoji da inuwar darbejiya da cunkoson Keke Napep.

Ina da 'yar'uwa da ke aure a Gomari, don haka nakan kwana biyu a unguwar idan na sami hutu. A zuwana na ƙarshe, bayan sallar isha'i muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon direba, ya ɗauko labarin yadda a ƙuruciyarsa ya sha ɗaukar baƙi zuwa Sambisa su kalli namun daji. Ya ambaci giwaye da jiminu da gwanki, da ɗakunan saukar baƙi a tsakiyar daji. Ɗan 'yar'uwata, yaro ɗan shekara 14, ya saki baki yana kallonsa, can ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, da gaske Baba yake yi? Sambisar da muka sani?" Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce, "Yaro, wadda kuka sani daban, wadda muka sani daban, amma dajin guda ɗaya ne."

An haifi wannan yaro bayan 2009, shekarar da wutar Boko Haram ta tashi a Maiduguri. Yana iya bambance jirgin yaƙi da jirgin fasinja daga ƙararsu, yana kuma tuna Disambar 2021 da rokoki suka faɗo a unguwannin da ke kewaye da filin jirgi. Amma bai taɓa ganin Tafkin Chadi ba, bai taɓa hawa dutse ba, ko Tafkin Alau bai taɓa sa ƙafa ba, alhali Gomari da Alau duk suna cikin jerin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jere. Ni kuma ba ni da bakin yi masa dariya. Aikina tace labarai ne, kuma a shekarun da na yi ina gyara kanun labarai, da wuya sunan Sambisa ko Gwoza ko Baga ko Dikwa ya ratsa teburina ba tare da kalmar "hari" ko "maɓoya" a gefensa ba. Mu 'yan jarida mun ba da gudummawarmu wajen mayar da sunayen garuruwa da dazuka da duwatsu sunayen masifa.

Abin da nake son faɗa wa masu karanta wannan shafi, waɗanda da yawansu su ne ke rubuta takardun da minista ke sa wa hannu, shi ne: wuri yakan fara mutuwa a bakin mutane kafin ya mutu a ƙasa. Idan aka daina ambatonsa da alheri, sai a daina zuwa. Idan aka daina zuwa, sai ya rasa mai tsaya masa ranar da ake rabon kasafin kuɗi. Daga nan sai gatari da garma da bindiga su raba gadonsa. Arewa maso Gabas tana da wuraren da ido zai so gani, wasu ana iya zuwa yau, wasu ba a iya zuwa, kuma kowane kashi yana da haƙƙi a wuyan Abuja.

Mu fara da abin da yake mallakar Gwamnatin Tarayya kai tsaye. A 1991 aka kafa Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen daji bakwai da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, kuma babban ofishinsa yana nan Maiduguri. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,258, sai dai ba dunƙulallen daji ba ne kamar Yankari. Kashi uku ne, a warwatse cikin jihohi biyu: Chingurmi-Duguma a yankin Bama ta Jihar Borno, sai fadamun Bade da Nguru, sai dausayoyin Bulatura a Ƙaramar Hukumar Yusufari, waɗannan biyun a Jihar Yobe. Na sha gwada abokan aiki a Abuja, masu digiri biyu-biyu, in ce su ambaci ko ɗaya daga cikin ukun. Mafi yawa sai su ce, "Ashe akwai gandun daji a can?"

Wanda ya fi sauƙin kaiwa, kuma a ganina ya fi cancantar a fara da shi, shi ne Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa. Tafki ne da ya samo asali daga tsohon hannun kogi, a cikin faffaɗar fadamar da kogunan Haɗejia da Jama'are ke malala a cikinta kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Na je sau ɗaya, a cikin Janairu, hunturu na kaɗawa. Mun shiga kwalekwale da sassafe, hazo bai gama ɗagawa ba, ruwan ya yi lakadan ba ya ko motsi. Da farko ba ka ganin komai sai ciyawa da gorubai a nesa. Can sai mai tuƙin ya buga filafilinsa a gefen kwalekwalen, sai abin da na zaci tsibiri ne ya tashi sama gaba ɗaya. Kirinjijiya ce da ɗinya da wasu agwagwin ruwa da ban taɓa gani ba, dubbai, ƙarar fikafikansu kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Zalɓe kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gaɓa, ko kallonmu bai yi ba.

Da yawa daga cikin waɗannan tsuntsaye baƙi ne. Idan sanyi ya rufe Turai sai su taso, su tsallake teku, su tsallake Sahara, kuma wannan fadama tana cikin wuraren farko da suke tarar da ruwa da abinci bayan hamada. Sukan zauna tun daga ƙarshen kaka har zuwa farkon bazara, sannan su juya. Saboda haka duniya ta san wurin fiye da yadda mu muka san shi. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa a matsayinsa na shugaban Asusun Kare Namun Daji na Duniya. A 2000 Tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, Dagona ta biyo baya a 2008, sannan a 2020 Hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejia da Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhallin halittu. Basarake ya taso daga Landan ya iso Dagona shekaru fiye da 30 da suka wuce. Darakta nawa ne a Ma'aikatar Muhalli ko ta Albarkatun Ruwa suka taso daga Abuja suka isa?

Ba don a kunyata kowa na yi tambayar ba. Na yi ta ne domin makomar wannan fadama a ofisoshi ake yanke ta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa cikin fadamar ya sauya ɗabi'a. A da ambaliya kan zo da damina ta shimfiɗa, ta janye da rani, masunta su yi su, manoma su bi danshi su shuka, makiyaya su sami ciyawa, kowa da lokacinsa. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan a duk shekara, sai wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa, ciyawar kachalla ta sami wurin zama ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya a inda ba a so, ya kasa isa inda ake jiransa. Mutumin Nguru ko Gashuwa zai yi maka wannan bayani a cikin minti biyar, yana nuna maka da yatsa. Wanda ke da ikon cewa a saki ruwa kaza a wata kaza kuwa, sau da yawa a taswira kaɗai ya san wurin. Gani ya kori ji, kuma jami'in da ya taɓa zama a kwalekwale kachalla ta tare masa hanya ba zai karanta fayil ɗin rabon ruwa da idon da yake karanta shi a da ba.

Daga Gashuwa in ka yi arewa zuwa Yusufari, ƙasa takan sauya kamar ka shiga wata nahiya. Bishiyoyi su yi ta raguwa, yashi ya yi ta ƙaruwa, har ka tarar da tuddan rairayi masu tsayi, ja-ja da hantsi, fari-fari da tsakar rana. A tsakanin tuddan ne dausayoyin suke, a Bulatura da Tulo-Tulowa da maƙwabtansu: kwari mai ruwa kusa da sama, cike da dabino da goruba, da 'yan lambuna, da raƙuma a durƙushe, da wuraren da Mangawa suka daɗe suna haƙar kanwa. Kanwar da ake jefawa a tukunyar wake a gidajenmu, wani kaso nata daga irin wannan ƙasa yake fitowa. 'Yan Najeriya suna biyan kuɗin jirgi zuwa Dubai domin a zagaya da su cikin yashi a ɗauke su hoto a kan raƙumi, ga shi kuwa Allah ya ba mu namu, har da dabinon. Sai dai kyawun nan yana tafe da barazana, domin tuddan ba a tsaye suke ba. Iska na tura su, suna binne gonaki da rijiyoyi da su kansu dausayoyin. Yobe tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma duk wanda aikinsa ya shafi wannan shiri ko shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 700 dominsa, ya kamata a ce ya taɓa tsayawa a gindin tudun da ke cin gonar wani. Zuwa can yana buƙatar motar da ke iya ratsa yashi da ɗan gari mai nuna hanya, kuma tilas a tambayi halin tsaro tukuna, domin gabas da nan, wajen Geidam da Kanamma, an sha kai hare-hare.

A kan hanyar dawowa, wanda ya biyo ta Damaturu ya tuna cewa a can aka adana kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Ƙaramar Hukumar Fune. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka yi aikin tono shi, gwaji ya nuna ya haura shekara 8,000, tsawonsa mita 8 da ɗoriya. Babu kwalekwalen da aka gano a Afirka da ya girme shi. Shaida ce cewa ƙasar da muke kira bakin hamada yau, ƙasar ruwa ce a da.

Kudancin Borno kuma wata duniya ce. Tsaunin Biu ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, kuma a ramin ɗaya daga cikinsu ne ruwa ya taru ya zama Tafkin Tila, kewayayye kamar ƙwarya, tuddai sun zagaye shi. Babur da Bura suna da tsofaffin labarai game da kadojin tafkin da alaƙarsu da mutanen wurin, abin da ya sa aka daɗe ba a taɓa su. A Ƙaramar Hukumar Kwaya Kusar akwai magangarar ruwa ta Jaffi, wadda ta fi armashi a ƙarshen damina. Wani abin takaici shi ne, mutumin Abuja ya fi mutumin Gomari sauƙin isa waɗannan wurare. Shi sai ya sauka Gombe ya biyo ta Dadin Kowa. Ɗan Maiduguri kuwa, hanyar Damboa da ta fi kusa ta daɗe da zama abin tsoro, sai ya yi dogon zagaye kafin ya isa wani yanki na jiharsa. Can gabas, a kan duwatsun Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Adamawa, akwai Sukur, da fadar Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, da gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. 'Yan ta'adda sun kai masa hari a 2014, mutanensa kuma sun koma sun ci gaba da gyara abin da aka rusa.

Yanzu sai kashi na biyu, wuraren da ba zan ce wa kowa ya je ba. Chingurmi-Duguma, mafi girma a cikin sassa ukun nan, da murabba'in kilomita 1,228, yana manne da gandun dajin Waza na Kamaru. Ƙasar firgi ce, baƙar laka mai shan ruwa da damina ta tsattsage da rani, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta, kuma an san ta da raƙumin dawa da jimina da barewa da gauraka, da giwayen da kan tsallako daga Waza ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Sambisa, mai nisan kusan kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri, gandun namun daji ne tun kafin duniya ta san sunansa ta dalilin 'yan matan Chibok a 2014. Bakin Tafkin Chadi ta wajen Baga, da Kukawa inda kabarin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi yake, da ganuwar Rabeh a Dikwa, duk suna cikin wannan kashi. Wanda ya ce maka ka ɗauki iyali ka je yawon buɗe ido a waɗannan wurare a yanzu, ba masoyinka ba ne. Ko a Nijar, a Kure da ke kusa da Yamai, inda aka yi nasarar farfaɗo da raƙuman dawa har baƙi suka riƙa tururuwa, 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a watan Agustan 2020, shida Faransawa, biyu 'yan ƙasa. Sha'awar kallo ba ta hana harsashi.

Na san abin da wani mai karatu zai ce tun ɗazu: mutane na fama da yunwa, wasu sun shekara goma ba su ga garinsu ba, an yanka manoma fiye da 40 a gonakin shinkafa na Koshebe kusa da Zabarmari a Nuwamban 2020, a cikin wannan Ƙaramar Hukumar ta Jere, kai kuma kana mana zancen tsuntsaye da raƙumin dawa. Magana ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Amma a duba da kyau a ga inda masu kashe manoman suke kwana. A dazukan da hukuma ta janye ƙafarta daga cikinsu suke kwana. Daji ba ya zama babu mai shi. Idan babu jami'in gandun daji mai albashi da mota da rediyon sadarwa, babu hanyar da ake gyarawa, babu baƙon da ke shiga ya fita, babu ƙauyen da ke cin abinci daga zaman lafiyar dajin, to wani zai zo ya kafa tasa hukumar. Abin da ya sami Sambisa ke nan, shi ya sami Kamuku a Birnin Gwari, shi ake fargaba a Kainji. Kuɗin da ake ganin asara ce a kashe wa gandun daji, ninkinsa ake kashewa daga baya a man jirgin yaƙi, wanda yaran Gomari ke jin tashinsa kullum.

Maƙwabciyarmu Chadi ta nuna cewa ana iya juya wannan labari. A gandun dajin Zakuma, mahara a kan dawaki sun rage giwaye daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010. A shekarar ce gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar African Parks, aka horar da masu gadi, aka riƙa biyan su a kan lokaci, aka haɗa ƙauyukan kewaye da rediyo domin su ma su riƙa neman agaji idan an kawo musu hari. Ba a sami abin a banza ba, domin a 2012 an kai wa masu gadi hari suna sallar asuba, shida suka rasa rayukansu. Duk da haka giwayen sun koma haihuwa, sun haura 600, baƙi sun dawo. Chadi ba ta fi mu kuɗi ba, ba ta fi mu zaman lafiya ba. A gida ma, irin wannan haɗin gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors ya fara sauya al'amura a Gashaka-Gumti ta Taraba da Adamawa.

Mu kuwa mun fi ƙwarewa a sanarwa. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamar Haɗejia a Jigawa, da Allawa a Shiroro ta Jihar Neja, wadda a lokacin ma mutanenta ke gudun 'yan bindiga. Niyya ce mai kyau, amma wanda bai iya ciyar da 'ya'ya bakwai ba ya ƙaro goma, tilas a tambaye shi ina hatsin. A 2023 aka kafa Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido mai zaman kanta, a Oktoban 2024 aka narkar da ita cikin Ma'aikatar Al'adu. Gandayen dajin suna ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, ruwan da ke raya su yana hannun Ma'aikatar Albarkatun Ruwa, wuraren tarihin suna hannun hukumar gidajen tarihi, hanyoyin zuwa suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ko jihohi, tsaron kuma na sojoji ne. Kowa yana riƙe da gaɓa ɗaya ta raƙumin, babu mai riƙe da akala. A irin wannan tsari, abin da ke sa aiki ya motsa sau da yawa mutum ɗaya ne a wani ofis, mataimakin darakta ko hadimin minista, wanda ya san wurin da idonsa kuma ya ƙi barin fayil ɗin ya kwanta.

Tafkin Alau ya isa misali. Yana nan kusa da Maiduguri ta hanyar Bama, a kan kogin Ngadda, kuma al'adar baka ta ce daga sunansa Mai Idris Alooma ya sami laƙabinsa, domin a can aka binne shi. Tsofaffin Maiduguri suna tuna lokacin da ake zuwa bakin tafkin shan iska da sayen kifi da tumatur. Aka gina madatsar a shekarun 1980, rikici ya zo ya raba ta da masu ziyara, ta koma wurin da sai manoma da masunta da sojoji. Ranar 10 ga Satumban 2024 ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wuri ɗaya tilo da yaro ɗan Gomari zai iya ganin zaki ko jimina da kuɗin Keke Napep, hukumarsa ta ce ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Ina roƙon waɗanda takardun wannan aiki za su bi ta hannunsu su tambaya: bayan siminti da ƙarfe, an tanadi hanya da inuwa da wurin zama a bakin ruwa? Madatsar da jama'a ke zuwa kullum, tsagewarta ba ta ɓoyuwa.

Abin da nake nema daga ma'aikata bai fi ƙarfinsu ba. Kowace ma'aikata tana shirya taron bita a shekara, kuma kusan kullum a otal ɗin Abuja ko Legas ko Uyo ake ƙarewa. Hukumar da aikinta ya shafi ruwa ko noma ko muhalli ko Arewa maso Gabas, me zai hana ta kai nata Nguru ko Gashuwa ko Biu, ta ware yini ɗaya a fita a ga ƙasa? Masaukin ba zai kai na Maitama ba, na yarda, amma kuɗin zai faɗa hannun mai kwalekwale da mai kifi da mai ɗinkin hula. Babban ma'aikaci yana da hutun kwana 30 a shekara, kwana huɗu daga ciki sun isa Dagona da dawowa ta Kano da Haɗejia. Hadimin da ke rubuta wa maigidansa jawabi, idan zai ambaci Sambisa, ya ƙara jimla ɗaya da ke tuna wa mutane cewa gandun daji ne da ake bin mu bashin mayar da shi. Mai duba kasafi ya nemi layin sassan da ba a iya shiga, ya tabbatar ba a share shi ba da hujjar cewa babu kowa a can, domin ranar da sojoji za su ce sun gama, in babu ma'aikatan da suka san dajin da iyakokinsa, masu gawayi da masu neman fili ne za su riga kowa shiga. Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas, wadda hedikwatarta ke Maiduguri, tana gina azuzuwa. Motar bas biyu da za su riƙa kai ɗaliban unguwanni irin su Gomari da Bulumkutu ganin Dagona da kwalekwalen Dufuna ba za su karya ta ba.

Ni dai na riga na yi wa ɗan 'yar'uwata alkawarin hutun Disamba, lokacin da baƙin tsuntsayen suka gama sauka. Mahaifiyarsa ta amince bisa sharaɗi biyu: mu fita da sassafe da zarar an buɗe hanyar Damaturu, kuma duk garin da muka isa in kira ta. Dattijon maƙwabcin nasu ya ce in akwai wuri a motar a tafi da shi, rabonsa da Gashuwa tun yana tuƙi.